Ɗan Kurmi da Ɓarayi Goma Masu Jar Hula

"Ga ta nan, ga ta nanku, yau da ganyenta ta zo, kore shar."

"Ta zo mu ji ta, Kaka, mu ga furenta."

Furen kuke wa gaggawa? To ku gyara zama, wadda ta fi ku gaggawa ma sai da ta jira shekara uku. Ke Sahura, janye ƙafarki daga kan tabarmata.

Wata mata ce, sunanta Marka, a wani ƙauye na masu noman lalle. Mutanen ƙauyen nan ganye kawai suka sani. Lalle, alayyafo, rama, yakuwa, duk abin da ake tsinka a daka ko a zuba a miya. A wurinsu in shuka ta yi fure ta lalace, ganyenta ya tsufa ke nan. Don haka tun yarinya tana goye take ganin uwarta tana bin shuka tana tsinke mata kai, don kada ta yi fure. Marka kuwa ta fi kowa iya wannan aiki. Shekara arba'in tana yin sa. Tana hira tana tsinka, tana faɗa tana tsinka, ko kallon shukar ba ta yi.

Mijinta Tunau bafatake ne, yana zuwa kurmi saro goro. Mutum ne mai nauyin baki, sai ya yini bai yi magana goma ba. Ita kuwa Marka akwai son jin ƙwaƙwaf. In ta ga tukunya a rufe sai ta buɗe, in ta ga baƙo sai ta ji sunan kakansa. Amma tambaya ɗaya ta fi ci mata rai. Ta san a zamaninta ba ita ce kyakkyawar ƙauyen ba. Gajera ce, ga tsiwa kamar barkono.

Suna amarci sai ta ce, "Maigida, wai me ka gani a jikina ka aure ni?"

Sai ya ce, "Tuwon nan zai huce."

Bayan shekara ashirin sai ta sake tambaya. Sai ya ce, "An ba jaki ruwa kuwa?"

Da furfura ta fito musu sai ta tambaya na uku. Sai ya ɗaura wa jakinsa kaya, ya kama hanyar kurmi.

Da ya dawo, sai ga shi da wani ɗan reshe a cikin ƙoƙo, an cika ƙoƙon da ƙasa mai laima. Kwana arba'in yana raba ruwan gorarsa da reshen nan a hanya. Sai ya miƙa mata ya ce, "Ga amsar tambayarki. Dasa shi a bayan ɗaki. Ba ya kaɗe ganye, rani da damina. Ran da ya yi fure, za ki ga abin da na gani."

Sai ta ce, "Wane irin fure? Fari ne?"

Ya ce, "Za ki gani."

"Ja ne?"

"Na ce za ki gani."

Ashe da zazzaɓi ya dawo. Kwana tara ya yi a kwance, Allah ya yi masa rasuwa. Ya tafi da amsar a bakinsa, ya bar mata reshe a ƙoƙo.

Sai Marka ta haƙa rami a bayan ɗaki. Sai ta zuba toka da takin awaki, ta dasa reshen, ta kewaye shi da ƙaya. Kullum a gindinsa take alwala don ruwan ya sauka masa. Sai ya kama. Sai ya kai gwiwa, sai ya kai ƙugu, sai ya kai mata ƙirji ya tsaya, ya yi jiki ya baje. Rani ya zo, itatuwa suka tuɓe, shi yana nan kore, ganyensa na ƙyalli kamar an shafa masa man shanu. Mutane suka riƙa leƙowa ta kan danga suna kallo. Ba wanda ya san sunansa, sai suka sa masa Ɗan Kurmi.

Kowace safiya sai Marka ta je ta gaishe shi. Sai ta tsaya tana shafa rassansa tana yi masa waƙa. Kun san matan da, ba sa kama sunan miji, sai ta ce:

"Ɗan Kurmi, Ɗan Kurmi,
Kore da rani, kore da damina,
Me maigida ya gani?
Buɗe ka nuna mini."

Shekara ta zagayo, ba fure. Sai wani manomin gero ya ce yunwa yake ji. Sai ta ƙara masa taki. Ganye ya ƙaru, fure babu. Shekara ta biyu wani mai lambun albasa ya ce ƙishi yake ji. Sai ta riƙa ba shi tulu biyu safe da yamma. Ganye ya ƙaru, fure babu. Shekara ta uku aka ce inuwar tsamiya ce ta danne shi. Sai ta sa aka sare reshen tsamiya, rana ta samu hanya. Ɗan Kurmi ya cika ya batse, amma fure ko na rantsuwa.

Ana nan sai idon Marka ya fara hazo. Da fari allura ta gagare ta. Daga nan sai ta daina bambanta kazarta da ta maƙwabta. Sai ta je wurin wanzami. Ya buɗe idon ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Iya, yanar nan ta yi nisa, ta fi ƙarfina. In akwai abin da kike son gani a duniya, ki gan shi kafin ruwan shuka ya sauka."

A lokacin saura wata guda ruwa ya sauka. Hankalin Marka ya tashi ƙwarai. Ba makantar ce ta fi ba ta tsoro ba. Tsoronta kada furen ya buɗe bayan idon ya rufe, ta mutu ba ta san abin da mijinta ya gani ba.

Sai ta ce a ranta, "An ba shi ci, an ba shi sha, an ba shi rana. In ba ya fure, to wani ke sace furen." Sai ta ɗauki sandarta ta nufi turken akuya.

Ta ce, "Ke akuya, uwar ɓarna, ke ce ke cinye mini furen Ɗan Kurmi?"

Akuya ta ce, "Haba Iya. Kome ya ɓace a gidan nan sai a ce ni. Sau ɗaya na zura kai ta cikin ƙaya na ɗanɗana ganyensa, kwana uku ɗaci bai bar bakina ba. Amma kullum da hantsi ina ganin kaza tana tsince-tsince a gindinsa. Tambaye ta."

Sai Marka ta je bakin akurki. Ta ce, "Ke kaza, ci ki goge baki, ke ce ke cinye mini furen Ɗan Kurmi?"

Kaza ta ce, "Ni Iya? Yaushe rabona da tashi sama? Abin da na samu a ƙasa nake tsinta. Gaskiya kullum ina tarar da wasu 'yan kawuna kore a gindinsa, ƙanana kamar ƙwayar dawa. Ko daɗi ba su da shi. Daga sama suke faɗowa. Tambayi mai yawo a sama."

Sai Marka ta koma gindin Ɗan Kurmi ta zauna tana jira. Can sai ta ji wani abu na kewaya kanta, zuuu. Ta ce, "Ke zuma, ke ce ke kakkaɓe mini furen Ɗan Kurmi?"

Zuma ta ce, "Iya, ni da fure ne abincina zan kakkaɓe shi? Ai ni aka fi cuta. Shekara uku ina jin ƙanshinsa yana tafe. Kullum sai in ce gobe zai buɗe. In na zo da safe sai in tarar an riga ni."

"Wa ke riga ki?"

"Ɓarayi goma, uwa ɗaya uba ɗaya, kowanne da jar hula. Biyu gajeru ne masu kauri, su ne manyansu."

"A gidana? Yaushe suke shigowa?"

Zuma ta ce, "Tare kuke zuwa, tare kuke tafiya." Sai ta tashi abinta.

Kai Ɗanladi, na ga bakinka na motsi. In ka gane ka riƙe a cikinka, kada ka ɓata wa na baya.

Marka dai ba ta gane ba. Sai ta lallaɓa gidan aminiyarta Kuluwa. Tun suna 'yan mata suke tare, tallar lalle tare, ɗiban ruwa tare. Kuluwa doguwa ce, a zamaninsu ita ce tauraruwar ƙauyen. Marka ta kwashe labari ta gaya mata.

Kuluwa ta ce, "Masu jar hula har goma? Ko aljanu ne?"

Marka ta ce, "Aljani me zai yi da fure?"

"To ko tsuntsaye ne masu jan kai?"

"Da na ji kukansu. Idona ne ya mutu, kunnena na nan."

Kuluwa ta ce, "Bari. Gobe da sassafe zan zo in laɓe bayan rumbu. Ke dai ki yi yadda kika saba."

Gari ya waye. Kuluwa ta laɓe bayan rumbu da muciya a hannu. Sai ga Marka ta fito, ta tsaya gaban Ɗan Kurmi, ta ɗora hannu a kan rassansa, ta fara:

"Ɗan Kurmi, Ɗan Kurmi,
Kore da rani, kore da damina..."

Ba ta kai ƙarshe ba sai ta ji an cafke mata wuyan hannu. Kuluwa ta ce, "Na kama su! Duka goman na kama!"

"Ina suke? Buga musu muciya!"

"In na buga ke za ki yi kuka. Buɗe hannunki."

Sai Marka ta buɗe hannu. Sai Kuluwa ta ɗaga mata shi har kusa da hanci. Ga yatsu goma, kowanne kansa ja da lalle. Ga 'yan kawunan fure guda bakwai a tafin hannun, yanzu aka tsinke su.

Ashe bakin na waƙa, hannun na aikin da ya saba. Da yatsa ya ji kan shuka ya yi tauri zai yi fure, sai ya tsinke ya yar, yadda yake yi wa lalle da alayyafo shekara arba'in, ba ya ko shawara da mai shi.

Sai Marka ta zauna daɓas a ƙasa. Ta yi kuka mai cin rai. Ta ce, "Na zagi akuya, na zargi kaza, na sa an sare tsamiyar da ba ta ci ba ba ta sha ba. Ashe ɓarawon a jikina yake kwana. Mutumin nan ya hana kansa ruwa kwana arba'in, ni kuma shekara uku ina zubar masa da amsa a ƙasa kaza na tsinta."

Kuluwa ta ce, "Kuka ba ya mayar da fure. Akwai sauran kawuna a rassan ƙasa. Gobe ki gaishe shi daga nesa."

Washegari Marka ta tsaya nesa, ta harɗe hannu a baya. Ta fara waƙa. Kafin ta kai "kore da damina" sai ta ji ta a jikin itacen, kawuna uku a hannu. Rana ta biyu ta ce ba za ta je bayan ɗaki ba sam. Da azahar za ta ɗebo itacen girki ta bi ta wurin, hannun ya miƙa da kansa ya tsinke biyu.

Rana ta uku sai ga Kuluwa da zunguru biyu. Ku 'yan yanzu ba ku san zunguru ba. Wani dogon duma ne da ake fafewa, mace in ta yi ƙunshi sai ta zura hannu a ciki har gwiwar hannu don lallen ya kama. Sai Kuluwa ta kwaɓa lalle, ta shafe wa Marka hannu biyu, ta zura kowanne a zunguru, ta ɗaure bakin tam da tsumma.

Ta ce, "Ɓarayi sun shiga kurkuku. Ba mai fita sai fure ya buɗe."

Haka aka yi. Kuluwa ta dawo gidan da zama. Ita ke ba ta kunu da ludayi, ita ke sosa mata baya. In lokacin salla ya yi sai ta kwance mata, ta tsaya a kanta har ta idar, ta mayar da hannun zunguru.

Labari ya bazu. Matan ƙauye suka riƙa leƙowa suna guɗa. Wata ta ce, "Marka, ashe aure za a yi ba a gaya mana ba? Wane ne angon?"

Marka ta ɗaga zunguru ta ce, "Matso kusa in raɗa miki sunansa a ƙeya."

Kwana ɗaya, kwana biyu, kawunan suka fara kumbura. Kuluwa ke ƙirga mata su. Amma idon ma bai tsaya jira ba. Ran kwana uku Marka ta daina ganin fuskar Kuluwa, sai tsayinta. Ran kwana biyar ko tsayin ba ta gani, sai dai ta san nan haske ne, nan inuwa.

Sai ta ce, "Kuluwa, don Allah ɓare mini guda ɗaya in leƙa cikinsa."

Kuluwa ta ce, "An ɗaure naki hannun, shi ne kike neman aron nawa? Ɗanye ne, ba kome a ciki. In ganin ya tafi, ni zan gaya miki launinsa."

Marka ta ce, "Cewa ya yi za ki gani. Bai ce za a gaya miki ba."

Ran kwana bakwai da la'asar sai gabas ta yi baƙi. Iska ta taso. Sai ruwan shuka ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Duk ƙauye na murna, ana fito da iri. Marka na zaune a ɗaki da hannu a zunguru, tana jin ruwa na dukan jinka, ta tuna maganar wanzami. Kuluwa ta kawo kunu, Marka ta kau da kai.

Da gari ya waye ta buɗe ido, sai fari fat, kamar an rufa mata farin zane a fuska. Ta ce, "Shi ke nan. Kuluwa, kwance mini hannu, ba sauran amfani."

Kuluwa ta ce, "Yi shiru. Me kike ji?"

Sai Marka ta kasa kunne. Daga bayan ɗaki sai ta ji zuuu, zuuu, ba zuma ɗaya ba, ba goma ba.

Sai Kuluwa ta kama ta a kafaɗa ta ja ta. Suka zagaya bayan ɗaki. Rana ta fito ta haske itacen. Marka ta matsa, ta ƙara matsawa, har ganye ya taɓa mata hanci. Sai a cikin farin hazon nan ta ga wani abu ya huda ya fito. Ɗaya, biyu, ga wani, ga wani, ko'ina.

Ta ce, "Rawaya! Kuluwa, ruwan ɗorawa ne! Na gani da idona!"

Sai ta tuna wata ranar kasuwa, tana budurwa, tana zaune da faifan lalle a gabanta, ta ɗaura kallabi rinin rawaya. Wani saurayi bafatake ya zo wucewa da jaki, ya tsaya. Mutumin da ba shi da mata, ba shi da ƙanwa, ya saye lallen faifai guda ya tafi.

Sai murnar ta koma ciki. Ta ce, "Ashe kallabi ya gani. Shekara arba'in ina tambaya, ashe kallabi ya aura. Kuma kallabin nan ba nawa ba ne, Kuluwa. Naki ne, aro kika ba ni ran nan."

Kuluwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ke dai tsufa bai ƙara miki wayo ba. Shekara guda cur ina ɗaura kallabin nan duk ranar kasuwa. Tunau ya wuce ta gabana ya fi sau goma, ko sannu bai taɓa ce mini ba, har haushi na ji. Ran da kallabin ya hau kanki ya ja jaki ya tsaya. Kuma ki dubi itacen da ya zaɓo miki duk faɗin kurmi. Gajere, ga ɗaci, akuya ma ta ƙi shi. Amma rani da damina bai taɓa kaɗe ganye ba. Wa kika sani haka?"

Sai Marka ta fashe da dariya, hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Ta ce, "Kai, mutumin nan! Da ya faɗa da baki, me zai ci shi?"

Sai Kuluwa ta kwance zunguru. Hannun ya fito baƙi wuluk saboda lallen kwana bakwai. Marka ta yini a wurin, hancinta a jikin fure, zuma na kewaya ta, ba wadda ta harbe ta. Bayan kwana uku rawayar ma ta dushe, idon ya rufe gaba ɗaya. Ba ta yi kuka ba.

Matan ƙauyen suka riƙa zuwa roƙon reshe, kowa ta dasa a bayan ɗakinta. Shi ne abu na farko da suka taɓa shukawa ba don miya ba, ba don ƙunshi ba. Marka kuwa ta ƙara shekara tara a duniya, kuma ba ta fasa gaida Ɗan Kurmi kowace safiya ba. Sai dai ba ta ƙara yarda da 'yan jar hula ba. Har ta koma ga Allah, da bayan hannu take shafa shi.

Ƙurunƙus kan kusu, kusun ma ya leƙa zunguru ya ga ba hatsi ya koma. In abinka ya ƙi yin fure, kafin ka ɗauki sanda ka nufi turken akuya, buɗe tafin hannunka ka duba.